Ƙyallen da Na Ɗinka wa Jitar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, Ya kuma sa albarka a neman da kake yi a can. Mu nan muna lafiya, sai kewarka. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗa a kan takalman da ake zubar mata a bakin ƙofa, ka san kuwa in ta fara wannan to ta warke. Auta ta gama jarrabawa, tana gida ba aikin fari ba na baƙi. Ni kuma ina shago, ni da keken ɗinkin nan da kake cewa ya girmi jitar Baba.

Maganar jitar ce ma ta sa na ɗauki biro, don duk sanda ka kira waya Baba yana kusa, ba na iya buɗe baki. Na san ba ka manta yadda ya koya maka kaɗa bes, jitar nan tasa mai kaurin murya, a falo ba, ina gefe ina yi maka dariya. Yakan ce tsirkiya huɗu ce a jikinta, kana kaɗa ɗaya sauran ukun suna neman tsoma baki, kuma rabin aikin makaɗi shi ne ya hana su. Babban yatsa ya kwanta a kan mai kaurin nan ta sama, in ka sauka kan sirara shi ma ya biyo ka yana danne na bayansa. Sau nawa ya ƙwale maka yatsan da fensir in ka ɗaga shi? To Yaya, yatsan nan nasa ne yanzu ya ƙi kwanciya. Tun farkon shekara yake rawa. Da kofin shayi muka fara ganewa, yana ƙarar-ƙarar a kan faranti. Likita ya ba da magani, ya ce zai rage amma ba zai tsayar ba. In Baba ya sauka kan siraran tsirkiyoyi, maimakon yatsan ya riƙe mai kaurin sai ya riƙa taɓa ta yana saki, ita kuma ta yi ta gurnani a ƙarƙashin waƙa kamar an bar babbar mota a kunne a ƙofar gida.

Makonni uku da suka wuce Dogo mai ganga ya zo shagona. Mutumin da suka yi shekara talatin suna kiɗa tare da Baba, sai ga shi a kan kujerar masu jiran ɗinki yana ta juya almakashina, ya kasa kallona. Da ƙyar ya ce mawaƙinsu yana ƙorafi, mai zauren da suke wasa duk Asabar da yamma shi ma ya yi magana, har sun samo wani da zai karɓi bes ɗin a Asabar ta ƙarshen wata idan abin bai gyaru ba. Ya ce shi bakinsa ba zai iya faɗa wa Baba ba, ni ce 'yarsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce masa ai da suna cin moriyarsa ba su nemi 'yarsa ba. Amma da na je wurin gwajinsu na tsaya bayan sifika, wallahi na ji abin da kunnena, har a cikina nake jin sa. Baba kuwa idonsa a rufe yana kaɗawa, sai na ɗauka kunnensa ne ya daina kama ƙaramar murya irin wannan.

Na kasa faɗa masa, sai na koma dabara. Da farko na yanki soson wanke-wanken Inna na cusa a ƙarƙashin tsirkiyoyin ta can ƙasa. Yana ɗaukar jitar ya zare shi, ya tambayi wanda ya mayar masa da kayan aiki kwanon wanki, Inna kuma ta kwana biyu tana neman rabin sosonta. Daga nan na sami ragowar jan ƙyalle mai laushi, na sa masa roba a ciki, na ɗinka shi kamar abin ɗaure gashi, na zagaya shi a saman wuyan jitar yadda zai ɗan matse tsirkiyoyin duka. Na yi masa ƙarya na ce ado ne. Ya dube ni, ya dubi ƙyallen, ya bar shi a wurin. A gwajin ranar gurnanin ya ragu sosai, har na fara murna. Sai suka zo kan waƙar nan da ya yi wa Inna, wadda take farawa da tsirkiya mai kauri ita kaɗai, a sake, ba a danna ta ba. Da ƙyallen a jiki sautin ya fito a mace, kamar an bugi katifa. Baba ya tsaya, ya ture ƙyallen sama, ya sake farawa. Farkon ya fito yadda muka san shi, yana sauka ƙasa kuma gurnanin ya dawo. Dogo ya sunkuyar da kai, ni kuma na fita waje don kada a ga fuskata.

Jiya da safe sai ga Baba a shago, shi da bai taɓa tako min ba tun da na buɗe. Ya ajiye ƙyallen a kan keke, ni kuma na shirya shan faɗa. Sai ya ce robar ta yi sako-sako, in rage ta kamar faɗin yatsa, kuma in sake yi da baƙin yadi don kada 'yan kallo na gaba-gaba su gani. Ya ce kunnensa lafiya lau yake, ya riga su duka jin gurnanin da watanni, ido ne kawai yake rufewa don kada ya ga suna kallon juna. Ya ɗora hannun a kan teburin yankana, ya danne yatsan da ɗaya hannun, muna kallo yana ta motsi a ƙasa. Ya ce waƙar Inna zai cire ta daga jerin, tunda ba ta yiwuwa da ƙyalle kuma ba ta yiwuwa babu shi. Da zai fita ya juyo ya ce kada in gaya maka.

Ga shi na gaya maka, Allah Ya yafe min. Ban ma san abin da nake roƙonka ba, Yaya. Ba za ka iya zuwa kafin Asabar ba, in ma ka zo ba za ka ara masa yatsanka ba. Ni ɗinki kawai na iya. Baƙin ƙyallen yana gabana yanzu, sau uku ina farke shi ina sakewa, in na matse ya kashe sautin, in na sassauta gurnanin ya samu hanya. Kwana huɗu suka rage, kuma ina tsoro.

Ka gaida Anti, ka shafa min kan yara, ka ce wa babbar cikinsu rigarta tana nan na gama. Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Auta da Gwaggo da Kawu duk suna gaisuwa. Baba ne kaɗai ban sa gaisuwarsa ba, don bai san na rubuta ba.

Taka har kullum,
Ƙanwarka mai ɗinki