Birkin Jar Mota

Tudun Wada,
Yuli, 1956.

Zuwa ga Yaya Rufa'i,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen gareji. Mu ma nan lafiya, damina ta yi kyau. Matata Saude tana gaishe ka.

Bayan haka, Yaya, maganar motar nan ce ta hana ni sakat. Ka san jar motar da na saya hannun Baturen kuza na Riruwai, mai kujera biyu, marar rufi, wadda ka ce ta girmi Saude. Injinta ƙalau yake, gudu kam ba a magana. Tsayawa ce ba ta iya ba. Birkinta na waya ne, sai na miƙe a kansa kafin ta saurara, kuma kullum hagu take ja. Ran nan da na dawo daga duba gonakin auduga, saura kaɗan in hau kan wata tsohuwa mai tallan nono.

Wani direban motar gyaɗa ya ce ana cire birkin waya a sa na mai, irin na motocin yanzu. Zai yiwu a wannan? In zai yiwu, ya cancanci a yi?

Ba don yawo nake tambaya ba. Cikin Saude ya tsufa. Ka san haihuwarta biyu ba mu ɗauki ɗa da rai ba, a ta biyun ma da ƙyar ita ta tashi. Malamin asibitin garin nan ya ce kada mu kuskura ta haihu a gida, sai babban asibiti a Kano. Na ce ta taho ta zauna wurinku tun yanzu, ta ce ba za ta bar mahaifiyarta a kwance ba mai juya ta ba. Manyan motoci kuwa sai ranar kasuwa suke shigowa nan.

Ina jiran amsarka. Ka huta lafiya.

Ƙaninka,
Ubale.

Tudun Wada,
Agusta, 1956.

Yaya Rufa'i,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, takardarka ta iso tare da sabon lainin birkin da ka aiko. Allah ya saka da alheri.

Na karanta abin da ka ce. Kayan birkin mai sai an yi odarsu daga Ikko, ba za su iso ba sai kaka, kuma aikin ya fi motar kanta tsada, gara in sayar. Yaya, na gwada. Fatake sun zo sun zagaya ta, suka yi dariya, suka ce ko buhun gyaɗa biyu ba za ta ɗauka ba.

Maƙeri ya kafa lainin kamar yadda ka kwatanta, na ɗaure wayoyin. Ta ɗan yi dama-dama. Shekaranjiya kuma a gangaren rafi wayar gaba ta tsinke, na taka har ƙasa ban ji komai ba. A gonar dawar Malam Uba na tsaya, na kwantar masa da kunya guda. Da ya iso, ruwa kawai ya kawo mini. Maƙerin ya haɗa wayar, amma ya ce ba ya rantsuwa a kanta.

Ƙafafun Saude sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Ban gaya mata maganar gangaren ba.

Na san kai ne bakanike, lissafinka daidai ne. Amma ni ba darajar mota nake aunawa ba. Don Allah ka yi odar, ko da za ta makara. Kafin nan kuma, in da hali, ka zo ran Lahadi ka duba ta da idonka. Ban taɓa roƙonka abu irin wannan ba.

Ka gai da gida.

Ubale.

Kwanar Dangora,
Satumba, 1956.

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yi.

Na san zazzaɓi ne ya hana ka zuwa, Allah ya ƙara sauƙi. Yau da hantsi naƙuda ta kama Saude tun lokaci bai yi ba, har da jini. Ba mota a gari. Na sa ta a gefena muka taso. A gangaren rafi samarin unguwa suka ɗaura igiya a bayan motar, suka riƙe ta har muka sauka. Daga nan a giya ta biyu na yi ta tafiya. Saude ta daina nishi, na kira ta ba ta amsa ba. Sai can ta ce, "Malam, ka yi sauri." Na sa giya ta sama, na taka.

Da muka doshi Kwana na ga mata masu abinci cike da bakin hanya. Na taka birki, wayar ta sake tsinkewa. Na ja na hannu, bai kama ba. Sai na karya sitiyari na nufi tarin buhunan masara, na juya ɓangarena ya daki tarin. Ba wanda na taka, alhamdu lillahi. Ƙafata ta dama ta karye ƙasan gwiwa.

Saude ba ta ji rauni ba, amma jinin ya ƙaru. Wani direba mai zuwa Kano ya sauke mutum biyu daga gaban motarsa ya sa ta, wata mai tuwo da ake kira Delu ta bar tukunyarta ta bi ta. Na ce a ɗora ni ko a kan kaya ne, mai ɗori ya ce in an motsa ƙafar nan sai dai a yanke. Ina zauren gidansa yanzu.

Yaya, ko da rarrafe ka je asibiti. Ka tambayi matar da aka kawo daga Kwanar Dangora. Abin da ka tarar ka rubuto mini shi yadda yake, kada ka sassauta. Kowace mota ta tsaya sai in ɗauka saƙona ne.

Ubale.

Kwanar Dangora,
Satumba, 1956.

Zuwa ga Yaya Rufa'i,

Gaisuwa da godiya marar iyaka. Delu ta dawo da takardarka. Na kasa buɗewa, sai da ta ce, "Buɗe mana, Malam, mace ce, kuma uwar har ta sha kunu." Na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Maganar oda a bar ta. Motar tana nan inda ta tsaya, duk wanda kake ganin zai amfana da injin ka ba shi. Mai ɗori ya ce zan taka, amma da ɗingishi.

Ba zan samu zuwa suna ba. Kai ne ubanta a wurin. Ka ɗauke ta ka yi mata huɗuba, sunanta Salamatu. Ka gaya wa Saude an aiko mini cewa ƙanwarta ta zo tana kula da mahaifiyarsu, kada ta yi gaggawar dawowa. In an sallame su, ka sa su a babbar mota, ka ce wa direban ya tsaya a Kwana in ga fuskar 'yata.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Ubale.