Kujerar Mama Ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Gwenole,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Maeva da yara can Numeya. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan Plougastel da sauƙi, sai dai maganar Baba da ta hana ni sukuni.

Ka san tun da ya rufe gidan burodinsa bai fasa yin kek ɗin milfoy ranar Lahadi ba, rasuwar Mama ma ba ta hana shi ba. Yana nan yana murza ƙullu, ya shimfiɗa man shanu, ya ninka, ya sake ninkawa, ya dama kirim da madara da ƙwai da sukari, ya jera sitirobarin gonar Kawu a tsakani. Sai ya yanka biyu, ya ajiye ɗaya gaban kujerar Mama. In ya gama nasa ya jawo nata, wai ba ta son a bar abinci a faranti. Yaya, mai ciwon suga fa! Likita ta duba yatsan ƙafarsa da ya ƙi warkewa, ta ce kek ɗin nan mai ne da sukari, 'ya'yan itacen ado ne kawai, in bai bari ba sai an yanke ƙafar. Baba ya ce yarinyar da ko ƙwai ba ta iya fasawa ba ce za ta koya masa sana'arsa.

Ka tuna yadda Mama take yi masa? Ta jawo farantinsa, ta ɗage ɓawon sama, ta kankare kirim da cokali, ta tura masa sitirobari zalla, yana gunaguni yana kiranta ɓarauniya. Lahadin da ta wuce haushi ya ishe ni, na zauna a kujerarta na yi hakan. Wallahi hannun nan kamar ba nawa ba. Baba ya zuba mini ido, can ya kira ni da sunanta, Soizig, ya ce na daɗe a hanya. Ya cinye sitirobarinsa ba musu. Na kasa ce masa ni ce.

Jiya ya tambaye ni me ya sa na daina sa shuɗiyar rigata. Ta Mama yake nufi. Ina jin tsoro, Yaya. In na tashi daga kujerar, ƙafarsa ta tafi, in na zauna Baba ba shi da 'ya. Don Allah ka zo gida, ko kai zai gane ka.

Ka gaida Anti Maeva, da Loig, da ƙaramar Hina. Goggo Annaig tana gaishe ku. Rigar kuwa na ciro ta, na wanke, na goge.

Ƙanwarka,
Nolwenn