Igiyar da Ta Riƙe Zinsu

Ganvie, ranar Talata.

Zuwa ga matata Ablawa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Senami da jaririn da ban gani ba tukuna. Yaya jikin mai jego? Yaya hayaniyar Kwatano? Ni dai ina nan, in ban da ciwon bayan nan da ya ƙi barina, da gwiwar da ke gaya mini za a yi ruwa tun hadari bai haɗu ba.

Ran Asabar za a yi tseren kwalekwale a tafkinmu, kuma na san abin da za ki ce. Na yi miki alkawari bara cewa na daina. To, Dosu ya riga ya sa sunan gidanmu, kuma babu mai hankalin da ya yarda ya hau da shi. Ƙanena ne, shi kaɗai ya rage mini. In ban hau ba, zai ɗauko wani mashayin giyar sodabi ya ɗora a gaba, su tafi su biyu babu mai cewa bari.

Jiya muka shimfiɗa zanen iska, wanda ke tura jirgin, a kan dandamalin gida, sai ya ga ramuka shidan da kika ɗinke a jere, kowanne da 'yar igiyarsa ta naɗe gindin zanen in iska ta yi yawa. Ablawa, kamar ya ga maciji! Ya ce, "Yaya, zanen tsere ne wannan ko fatarin tsohuwa? Zinsu ya taɓa rage zane?"

Na ce, "Bai taɓa ba. Shi ya sa yau yake ɗaure a ƙuguna."

Shekara tara ke nan da Zinsu, abokin tagwaicina, ya tafi daji neman itace. Haka ake faɗa a kan tagwaye a nan, kuma bakina ba zai furta ɗaya kalmar ba. Amma ina cikin jirgin ran nan, na ga irin dajin: iskar azahar a kwanar Kalabi, zane a buɗe har ƙasa, jirgi ya kife, gorar zanen ta same shi a ka. Tun daga nan ɗan icen da aka sassaƙa a madadinsa yake jikina, doguwar igiyarsa ta zagaye ƙuguna sau uku. Ke kike wanke masa 'yar rigarsa, kin kuma san ba na kai loma baki sai na zuba masa a ɗan farantinsa. Dosu bai ga komai ba ran nan. Abin da ya riƙe kawai shi ne Zinsu ya ci tsere sau uku.

Muna cikin haka sai ga Agosu, wanda ya ci bara, yana wucewa a jirginsa. Ya ɗaga murya yadda duk maƙwabta za su ji: "Sagbo, an ce da hankici za ku yi tsere bana! In kun gaji ku ɗaga shi, mu zo mu ja ku!" Mata suna dariya a tagogi. Dosu ya sunkuyar da kai yana huci.

Na gaji da wannan magana ta mazantaka, na gaji tun daga ƙashina. Na ce masa igiyoyin nan su zauna, in ba haka ba ba ni hawa. Ya ce to. Ban son irin wannan "to" ɗin nasa.

Ki gaida Senami da mijinta. Ki yi mana addu'a, kada ki yi fushi da yawa.

Mijinki,
Sagbo.

Ganvie, ranar Litinin.

Ablawa,

Ina gaishe ki, ina gaida mai jego da jariri, da fatan kowa lafiya. Kafin komai: mu biyu muna da rai, babu wanda ya ji ciwo. Zauna ki karanta sauran.

Jirage goma sha ɗaya muka tashi da hantsi, iska a hankali. Mu ne a gaba har muka wuce shingayen kifi, Dosu a baya da filafilin tuƙi yana waƙa, ni a gaba ina tattala bayana. Muna dab da turken juyawa a kwanar Kalabi sai na ga ruwa ya yi baƙi daga wajen teku. Ban gama buɗe baki ba iskar ta iso. Jirgi ya kwanta a gefe, ruwa yana shigowa ta baki, ina kwarfewa da ƙwarya kamar mai kwashe tafkin.

Na rarrafa wajen zane don in naɗe. Na lalubi igiya ta fari, babu. Ta biyu, babu. Ya yanke su duka shida, Ablawa, da reza, ƙal, sai ramukanki kawai. Na waiwaya na dube shi, ya kau da ido ya ce, "Yaya, riƙe! Saura kaɗan, ga Agosu a bayanmu!"

Ya yage baki yana dariya. Dariyar nan na sani. Ita na gani a fuskar Zinsu a wannan kwanar shekara tara da suka wuce, kuma gorar tana irin wannan kukan. Tsoro ya kama ni, ba na ɓoye miki.

Igiyar ɗauri ɗaya ce ta rage a cikin jirgin nan, ta Zinsu. Na kwance ta daga ƙuguna, na soke Zinsu a bakin wandona. Na ce wa Dosu ya saki igiyar zane ya juya hancin jirgi ga iska. Ya ƙi. Na ce, "Na rantse in ba ka saki ba, ni zan faɗa ruwa da ƙafata, ka je ka gaya wa Ablawa da bakinka!" Ya saki.

Na sauko da gorar, na naɗe gindin zanen kamar tabarma, na bi ramukan nan shida da igiyar ɗaya bayan ɗaya, zane yana marina, gwiwata cikin ruwa. Da na ɗaure na ɗaga, jirgi ya miƙe ya zauna daram. Sai ga Agosu ya wuce mu fuu. Kin san me? Zanensa a naɗe yake har rabi! Munafukin ya rage shi a bayan shingen kifi, inda 'yan kallo ba sa gani.

Mu ne na biyar. Jirage biyu sun kife, an dai tsamo mutanensu. Da muka iso na miƙe tsaye, na kai hannu ƙuguna kamar kullum. Babu komai.

Jiya tun safe muka koma kwanar, ni da Dosu, neman Zinsu. Ya yi ta nutso yana lalube cikin laka har idanunsa suka yi ja, leɓensa ya yi fari. Saboda zoben ƙarfen nan da kika sa wa Zinsu a wuya, ba zai taso ba. Da yamma na ce ya isa, hau mu tafi. Sau biyu ke nan ina barin ɗan'uwana a wuri guda, kuma na biyun da hannuna na kwance shi. Dattawa sun ce za a sassaƙa wani, a yi abin da ake yi in kin dawo. Na ce to.

Ɗazu na dafa wake da manja, abincin tagwaye. Hannu ya saba, na zuba a ɗan farantin kafin in tuna. Na zauna ina kallonsa, babu wanda zan ajiye wa. Sai ga Dosu ya hawo tsani da zanen a kafaɗa, da sabbin igiyoyi shida a hannunsa. Ya tsuguna daga nesa ya ce, "Yaya, nuna mini yadda ake ɗaurawa."

Na tura masa farantin. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sa hannu ya ci, yana ci hawaye na zuba a cikin waken. Ya cinye tas.

Ki dawo da wuri, na gaji. Ki shafa mini kan jaririn.

Mijinki,
Sagbo.