Bututun Da Kunka Toshe A Barikin Wurno

Zuwa ga mai girma Baturen Ayyuka, mai kula da barikin baƙi na Wurno da Rabah da Goronyo.

Gaisuwa da ladabi. Bayan haka, ni ne Umaru, wanda ke hura wutar ruwan wanka a barikin Wurno. Na sa an rubuta wagga takarda a fili domin sau biyu na kai kuka wurin akawunka, ba a ko dube ni ba.

Na farko. Ka san duron da ke bisa murhu bayan ɗakin wanka. Akwai wani siririn bututu da ya tashi daga kanshi ya yi sama. In ruwa ya yi zafi shina kumbura, sai ya nemi mafita, ya tofar ta nan. Wani baƙo ya ce famfo ba shi da ƙarfi, ɗigon kuma na ɓata bango. Sai kunka aiko mai gyaran famfo daga Sakkwato. Ya ƙara wa tankin da ke zuba wa duron ruwa tsawo, ya sa makullin da ke hana ruwa komawa tanki, kana ya toshe bututun nan da ƙarfe.

Na biyu. Na tambaye shi, ruwan da anka rufe gaba da baya, in ya kumbura ina za shi? Ya yi dariya, ya ce mi mai hura wuta ya sani game da famfo. Tun ran nan duron ke gurnani, bututai na rawa cikin bango.

Na uku. Ran Laraba da hantsi, ina durƙushe ina janye itace don wutar ta rage, duron ya tsage. Ruwan ya kwashe mini fata tun daga kafaɗa har yatsu. Matata Hauwa ce ke ba ni tuwo a baki yau. Gerona na gonar Maikujera ya isa yanka, ba ni iya riƙe lauje. Ina kwance anka zo anka gaya mini an kore ni, wai ni na cika wuta. Wannan ƙarya ce, ranka ya daɗe, kuma wanda ya rubuta takardar korar ya san ƙarya ce.

Na huɗu. Mai gyaran famfon naku daga nan Rabah ya nufa, sannan Goronyo, don shi yi irin wannan aiki can. Masu hura wuta can suna da mata da ɗiya.

Abin da nike roƙo: a buɗe bututan Rabah da Goronyo kafin a sake hura musu wuta. Ka zo da kanka ka ga duron, shina nan yashe, toshiyar na jikinshi. A goge laifin da anka ɗora mini, gaban mutanen da sunka ji an kore ni.

Allah shi ba ka lafiya, shi ba ka kunnen jin na ƙasa da kai. Wanda ya cuce ni kuwa, ban yafe ba, mu haɗu gaban Allah.

Wassalam.

Umaru mai hura wuta, Wurno.