Kunun Kanwar Na'ima

Puna, Indiya, 2 ga Maris, 1999

Yaya Zaituna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutan Sheshe baki ɗaya. Karatun haɗa magunguna yana tafiya, barkonon ƙasar nan ne dai ya kusa kashe ni.

Yaya, tun da matata Na'ima ba ta da uwa a raye, ke za ki yi mata wankan jego. Akwai wani tsohon ilimin magani a nan, Ayurbeda. Suna cewa abu uku ke riƙe da jiki: bata, wato iska; pitta, wato zafi; kafa, wato danshi. Mai jego sutika suke kiranta, kuma su ma ɗumi suke ba ta, kamar mu. Amma sun yi gargaɗi a kan yawan labana, wato gishiri, da kshara, dangin kanwa. Likitocin asibiti ma sun ce kanwa tana tara ruwa a jiki. Na'ima kuwa ƙafarta na kumbura tun kafin na taho. Don Allah a rage kanwa, a sassauta ruwan wanka. Ki karanta mata wannan, tun da ba ta karatun boko.

Ƙaninki,
Maharazu

Sheshe, Kano, 20 ga Afrilu, 1999

Zuwa ga ƙanena Maharazu,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina yi maka albishir da ɗa namiji. An sa masa sunan mahaifinmu, muna kiransa Abba.

Takardarka ta iso. Karatun magani aka tura ka, ba haddar kalmomin masu sujada ga gumaka ba. Mata goma sha ɗaya na yi wa wanka a unguwar nan, babu wadda na tambayi Indiya a kanta. Ka kula da sallarka.

Wassalam,
Yayarka Zaituna

Puna, 12 ga Yuni, 1999

Yaya,

Salamu alaikum. Gwadabe, wan Na'ima, ya rubuto mini da bakinta. Kwana goma sha shida ta yi a asibiti, ruwa ya taru har zuciya, ni ina nan ban sani ba! Ta ce kin karanta mata takardata, kin hana ta kanwa, ita ce take damawa a ɓoye idan kin tafi makarantar Islamiyya. Na aika mata da amsa mai zafi. Macen da za ta yi wasa da ranta, ta kusa mayar da ɗana maraya, ban san yadda zan sake yarda da ita ba. Ke kuwa Allah ya saka miki da alheri.

Maharazu

Sheshe, 3 ga Yuli, 1999

Zuwa ga Maharazu,

Bayan sallama, kada ka sake yi mini addu'ar sakayya sai ka karanta wannan har ƙarshe.

Ban karanta wa Na'ima takardarka ba. Na linke ta, na sa a ƙarƙashin kwanonin da ke saman kabad, tana nan har yau. Kanwar da hannuna na jiƙa ta, safe da yamma, na kuma ƙara a kan yadda na saba. Da ta ce numfashinta yana sarƙewa, na ce ragwanci ne na 'yan matan zamani, na sa aka ƙara itace a ƙarƙashin tukunyar wanka.

Ranar da soja suka miƙa mulki ina zaune a gefen gadonta, rediyon wata majinyaciya yana kawo muryar masu rantsuwa da Alƙur'ani. Likita ya tambaya wa ke ba ta kanwa. Na sunkuyar da kai. Na'ima, da robar iska a hancinta, ta ce, "Ni ce, likita. Kwaɗayi ne." Da ya fita na faɗa mata zancen takardar. Sai ta ce, "Yaya, ki bar shi a haka. Ni zai yi fushi ya huce. Ke kuwa uwa ce a wurinsa."

Na kuma bari. Wata guda na bari, ina jan carbi a kai.

Na ce maka tsoron shirka ne ya hana ni. Na binciki zuciyata, ban sami haka ba. Babu sunan gunki ko ɗaya a takardarka. Iska ce da zafi da gishiri. Da a littafin Larabci na ga wannan gargaɗi, da na yi wa matan unguwa wa'azi da shi. Abin da na ƙi shi ne yaron da na goya a bayana ya koya mini aikina. Na ɗauki girman kaina na sa masa hijabi, na kira shi taƙawa.

Jiya Gwadabe ya karanta mata amsarka a gabana. Da ya gama, ta juya ta ba Abba nono.

Ba na roƙon ka yafe mini yanzu. Ka janye abin da ka faɗa mata.

Wassalam,
Zaituna

Puna, 24 ga Yuli, 1999

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na karanta. Ba ni da abin cewa tukuna.

A cikin ambulan ɗin nan akwai takardar Na'ima. Da na so, da na aika ta hannun Gwadabe.

Ki karanta mata.

Maharazu