Inna, Na Sauke Ummi Ƙasa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce babbar ɗiyarki, Saudatu. Kin san nauyin bakina, shi ya sa na ɗauki biro. Na saɓa wasiyyarki, Inna, kuma na kasa yin nadama.

Kafin shekarar gubar dalma, ke kike tura mu cikin ruwan sama. Ki tsaya bakin ɗaki ki ce, "Ku tahi ku yi wargi, sabulu na nan." Mu gina rumbunan laka, mu yi shanu masu ƙahon kara, mu dawo ido kawai ake gani. Ki jera mu gaban randa kina cuɗa mu kina dariya.

Sai ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidajen garinmu Abare ta gauraya da ƙasar tsakar gida, ta shiga jinin yara. Ta ɗauke mana ƙanwata Nana tana shekara biyu. Ma'aikata sun zo sun kankare ƙasar gidanmu sun zuba sabuwa, amma zuciyarki ba ta yarda ba. Da kika haifi Ummi, daga bayanki sai tabarma. Ranar da ciwonki ya tsananta kika riƙe hannuna kika ce, "Saudatu, kar ki bari ta taɓa ƙasa."

Shekara biyu ina riƙe da maganar nan. Da goyo nake daka, da goyo nake zuwa rijiya. Ummi ta doshi shekara uku ba ta tsayawa. A asibitin Anka aka ce jininta lafiya lau, ƙafafun ne ba su san aikinsu ba, a sauke ta. Na ce to, na mayar da ita baya muka dawo gida.

Makon jiya Baba ya tashi yaɓen rumbu kafin damina. Ya kawo jar ƙasa daga inda ma'aikata suka ce babu guba, ya jiƙa ta ya zuba ramno, busasshiyar ciyawar kwaɓi, ya bar ta tana jiran taku. Na zaunar da Ummi a tabarma, na buɗe littafin soyayya da na aro. Daidai wurin da saurayin ya dawo daga doguwar tafiya ya yi sallama a zaure, kin san ni, na tafi gaba ɗaya. Da na ɗago kai, tabarma ba kowa.

Ta rarrafa ta shiga kwaɓin. Laka ta kama ta har ƙwauri ta riƙe, ga Ummi a tsaye, babu mai tallafe da ita. Tana kallon ƙafafunta kamar yau aka ba ta su.

Goggo Asabe, ƙanwar Baba, ta saki salati ta ce, "Ɗauke ta, ko kin mance batun uwarki?" Ban mance ba. Amma ni da ban taɓa ɗaga ido na dubi Goggo ba, na ce a bar ta. Na tattare zane na shiga lakar, na miƙa mata hannu daga nesa. Ta zaro ƙafa ɗaya, laka ta yi ƙara, ta ƙyalƙyale da dariya. Ta zaro ɗayar. Taku uku ta yi ta zauna daɓas, ta dafa ta miƙe da kanta. Baba ya juya fuskarsa ga rumbu ya daɗe bai waiwayo ba.

Littafin ma cikin kwaɓin ya ƙare. Har yau ban san ko an ba saurayin yarinyar ba.

Na yi mata wanka tas, na wanke hannuwanta kafin tuwo kamar yadda aka koya mana. Yau da safe ta taka daga ƙofar ɗakinki har bakin turmi, tana ture hannuna.

Ki yafe mini, Innata. Rayuwarta kika so, na sani, kuma ga ta nan raye tana tafiya da ƙafafunta. Allah ya gafarta miki, ya haɗa ki da Nana a Aljanna, ya sa ƙasar da ta rufe ki ta zame miki shimfiɗa mai sanyi. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki kullum,
Saudatu