Kofin da aka wanke da ƙasa

Zuwa ga Alhaji Issaka, shugaban ƙungiyar 'yan ƙasarmu mazauna Faransa, Saint-Denis, kusa da Paris.

Assalamu alaikum. Baba Alhaji, ina gaisuwa da girmamawa, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan kwamiti. Ni ce Ramatu, 'yar marigayi Malam Laminu, abokin tafiyarka daga Tawa. Na kira wayarka ban samu ba, na bar saƙo ba a amsa ba. Shi ya sa na rubuto a fili, tunda a fili aka yi mini abin.

Ranar Asabar da ta wuce na isa ɗakin reshenmu na Lyon, a unguwar La Guillotière, inda na yi shekaru ina koya wa yaranmu haifaffun nan karatun Hausa. Na tarar babu yaro ko ɗaya. Hajiya Rabi, mai riƙe da makullin ɗakin, ta shaida mini, tana kallon ƙasa, cewa umarni ya zo daga Paris a dakatar da ni. Ina tsaye sai na hangi kofin da nake shan shayi an ware shi a bakin taga, a kife. Na tambaya. Ta ce an wanke shi da ƙasa, kuma da yake babu ƙasa a kusa, daga tukunyar furannin maƙwabta aka ɗebo. Baba Alhaji, mun san kwanon da ake wankewa haka, mun san kuma wanda ya sa baki a ciki. Har yanzu na kasa gaskata cewa kofina ne.

Ga abin da nake so kwamiti ya sani.

Na ɗaya, aikina. A ofishin gidan kula da dabbobin da aka yasar nake, a bayan garin Lyon, sashen gyaran halayen karnuka da kyanwoyi. Ni nake haɗa lokacin ganawa tsakanin likitan dabbobi, mai horarwa, da iyalin da ke son ɗaukar dabba. Idan mai horarwa ya lura cewa wani kare yana tsoron maza, ko yana zabura idan yaro ya ruga a gabansa, ni nake rubutawa, in tabbatar ba a miƙa shi ga gida mai ƙananan yara ba. Bayan an ɗauka, ni nake bugo waya in ji yadda ake ciki. Karen da na yi sakaci da bayaninsa, gobe yana iya haɗuwa da jikanka a lif ɗin hawa bene.

Na biyu, ba zan fake da cewa ni 'yar ofis ce kawai ba. Ina ratsa ɗakunan karnuka kullum, kuma idan hannu ya yi ƙaranci nakan riƙe igiya. Ina da rigar aiki, a can nake barinta, ina wanke hannuwana, ina sallata a kan lokaci. Malamanmu na Malikiyya, waɗanda a kan littattafansu aka rene mu, ba su ɗauki kare mai rai a matsayin najasa ba, balle mutumin da ya wuce kusa da shi. Kakana makiyayi ne, da karensa yake fita kiwo, kuma shi yake jan sallar ƙauyensu. Kai ka san shi, ni labarinsa kawai na ji.

Na uku, inda maganar ta samo asali. A wani taron suna a unguwar Belleville ta Paris aka tambaye ni sana'ata. Na faɗa da Faransanci, wata tsohuwa ba ta gane ba, sai na fassara mata da cewa muna tarbiyyar karnuka. Aka yi dariya, ni ma na yi. Yanzu an ce mini da wannan kalma aka yanke hukunci a zamanku: wai mai tarbiyyar karnuka ba za ta yi tarbiyyar 'ya'yan Musulmi ba. Na yi aikin gidan rediyo a Damagaram kafin in zo ƙasar nan, kuma abu na farko da aka koya mana shi ne kada a yaɗa magana a kan mutum sai an ji ta bakinsa. Jirgin ƙasa tsakanin Paris da Lyon ba ya cin rabin yini. Waya ba ta cin komai. Amma babu wanda ya tambaye ni.

Na huɗu, yaran. Yawancinsu da suka fara zuwa ba sa iya gaida kakanninsu a waya, sai dai su miƙa wa uwa. Yanzu suna gaisuwa har su tambayi gajiya da gida. Ba a naɗa kowa a madadina ba, kuma ban ji an ce ana nema ba. Su ma sun ga kofin, domin an ce mini sun zo kafin ni aka mayar da su gida. Ina tsoron darasin da suka ɗauka daga bakin tagar nan ya fi zama a ransu fiye da duk wanda na rubuta a allo.

Roƙona kaɗan ne. A kira ni gaban kwamiti in yi bayani da bakina, a gayyato malamin da kuka yarda da shi ya faɗi hukuncin. Idan ya ce aikina ya hana ni koyarwa, zan janye, amma a samo wa yaran wani malami kafin Asabar ta zagayo. Idan bai ce haka ba, a buɗe mini aji, a kuma faɗa wa iyaye a inda aka faɗa musu an dakatar da ni.

Aikina ba zan bari ba, ajin ma ban bari ba. Asabar mai zuwa zan zo La Guillotière a lokacin da na saba. Ba zan zo da kofi daga gida ba. Ina roƙon ka sa a mayar da nawa cikin 'yan uwansa, a kan kantar da kowa ke ɗauka.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya sa ka gama shugabancin nan da hannu mai tsabta, Ya jiƙan mahaifina da iyayenka.

Wassalam.

'Yarka,
Ramatu Laminu, Lyon.